Yadda ake amfani da magungunan cusawa da na ɗurawa wajen jinyar gyambon babban hanji

Gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira ulcerative colitis, kusan kullum daga dubura yake farawa. Daga nan kumburin ke hawa sama a jere, ba ya tsallake wuri. Wani ya tsaya masa a dubura kawai, wani ya haura gefen hagu na hanji har lanƙwasar da ke kusa da saifa, wani kuma ya mamaye babban hanjin gaba ɗaya. Ciwon a kan fatar cikin hanji yake zaune, bai nutsa cikin naman ba. Saboda haka maganin da aka saka ta dubura yana sauka kai tsaye a kan wurin da ke zubar da jini, kamar yadda ake shafa magani a kan gyambon ƙafa. Ƙwayar da aka haɗiya kuwa sai ta ratsa hanji mai tsawo, kuma dubura ce ke samun kaso mafi ƙanƙanta.

Babban maganin shi ne mesalazine, wanda a Amurka ake rubuta shi mesalamine, a takardun asibiti kuma 5-ASA. A 1977 likitoci uku, Azad Khan da Piris da Truelove, a Oxford ta Ingila suka raba tsohon maganin sulfasalazine gida biyu, suka ɗura wa majinyata kowane ɓangare ta dubura, suka gano 5-ASA ce ke warkar da fatar hanjin. Har yau, ga wanda ciwonsa ya tsaya a dubura ko gefen hagu kuma bai yi tsanani ba, mesalazine ta ƙasa ta fi ƙwayar sha saurin tsayar da jini, haɗa su biyun kuma ya fi kowanne shi kaɗai. Abin da ke ɓata aikin yawanci kunya ce, ko zaɓen nau'in da bai kai wurin ciwon ba, ko rashin iya sakawa, ko dainawa da zarar jini ya tsaya.

Kafin a saka komai

A ƙasar Hausa duk jinin da ya fito ta dubura sunansa basir, in kuma da majina da murɗar ciki a ce atuni ne. Gaskiya kuma atunin amiba da na sauran ƙwayoyin cuta ya fi wannan gyambo yawa nesa ba kusa ba. Akwai tsargiyar hanji ga masu shiga ruwan fadama da madatsun ruwa, akwai tibin hanji, akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, akwai kansar dubura. Dukkansu suna iya zuwa da jini da majina da yunƙurin bayan gida ba abin da ke fita. Don haka ba a fara wannan jinya da zato. Ana yin gwajin bayan gida, a leƙa hanji da na'ura mai kyamara, a gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna yin wannan leƙen. Wanda ke da amiba aka ba shi sitiroyid, wato maganin danne kumburi, bisa kuskure, ciwon na iya tashi gaba ɗaya har hanji ya huje. Wannan kaɗai ya isa dalilin a jira sakamako.

Leƙen ne kuma ke nuna inda kumburin ya tsaya, kuma a kan wannan ake zaɓen magani. A tambayi likita kai tsaye: santimita nawa ciwon ya hau? Sannan a yi gwajin ƙoda kafin a fara mesalazine. A sanar da likita idan jiki ba ya karɓar asfirin, ko ana da asma, ko ciwon suga, ko ana shan maganin HIV.

Wane nau'i ne ke kaiwa ina

Ƙwayar cusawa tana narkewa ta lulluɓe dubura, wajen santimita 15 daga baki. Ita ce ta wanda ciwonsa ya tsaya a dubura. Adadin da aka saba shi ne giram 1 sau ɗaya da dare. Salofalk da Pentasa, sunayen da ake sayar da mesalazine da su, duk suna da mai giram 1, akwai kuma mai miligiram 500 da ake sakawa sau biyu ko uku a rana.

Kumfa tana wuce dubura ta shiga lanƙwasar hanjin da ke ƙasan mara ta hagu. Ba ta da nauyi, tana manne wa bangon hanji, ta fi ruwa sauƙin riƙewa.

Ruwan ɗurawa shi ya fi nisa, yana iya kaiwa lanƙwasar da ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Na Pentasa giram 1 ne cikin mililita 100, na Salofalk giram 2 ko 4 cikin wajen mililita 60, Rowasa ta Amurka giram 4 cikin mililita 60. Kada yawan giram ya ruɗi mai saye: ta ƙasa, giram 1 a rana yana yin kusan abin da giram 4 ke yi. Yawan ruwan ne ke ƙayyade nisan da maganin zai kai.

Ga wani abu da ake yawan mantawa. Ruwan ɗurawa gudu yake yi sama ya bar dubura kusan fayau, bayan 'yan sa'o'i ɗan kaɗan ne ke saura a cikinta. Shi ya sa mai ciwon gefen hagu zai ga gudawa ta ragu amma yunƙuri da jin bayan gida bai ƙare ba suna nan. Maganin wannan shi ne a ƙara ƙwayar cusawa da safe, a bar ɗurawa da dare. Wanda ciwonsa ya wuce dubura kuma ana haɗa masa da mesalazine ta sha, giram 2 zuwa 3 a rana ko fiye.

A lura a kemis. Ƙwayoyin cusawa na basir irin su Anusol ba sa maye gurbin mesalazine. Akwai kuma diclofenac ta cusawa da ake bayarwa don ciwon jiki, ita tayar da wannan ciwo take yi, haka ma ibuprofen da piroxicam na sha. Idan ana buƙatar maganin zogi, farasitamol ne. A karanta sunan da ke jikin kwali da ido, kada a tsaya ga cewa "na cusawa ne".

Saka ƙwayar cusawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, sa'ad da aka gama zirga-zirga za a kwanta.

Da farko a zaga bayan gida, ko da ɗan kaɗan ne zai fita. A yi tsarki, a tsane wurin, a wanke hannu da sabulu. A yanke farce idan ya yi tsawo, domin fatar da ta kumbura ba ta da wuyar yagewa.

A taɓa ƙwayar tun tana cikin ledarta. Idan ta yi laushi, a sa ta a firji ko cikin ruwan sanyi na 'yan mintuna ta daskare, sannan a ɓare. A jiƙa bakinta da ruwa, ko a ɗan shafa mata man santsi mai ruwa irin K-Y. Ban da basilin da man shafawa, suna lulluɓe ƙwayar su hana maganin taɓa fata.

A kwanta a gefen hagu, ƙafar hagu a miƙe, gwiwar dama a lanƙwashe zuwa ciki. A ɗaga ɗuwawu na sama da hannu ɗaya, a tura ƙwayar ta bakinta mai tsini da yatsa, a hankali, har ta wuce zoben naman da ke matse dubura. A babba, wannan kusan gaɓa biyu na yatsa ne. Idan ba ta wuce zoben ba, za a ji tana tokare, kuma da an miƙe za ta fito. Idan ta wuce, za a ji kamar jiki ya haɗiye ta. Numfashi mai zurfi ta baki yana sassauta zoben.

A matse ɗuwawu na ɗan lokaci, a ci gaba da kwanciya minti 10 zuwa 15. Jin kamar bayan gida ya taho a wannan lokacin ba bayan gida ba ne, dubura mai kumburi ce ke ƙin baƙon abu, kuma yana lafawa. Abin da ake so a riƙe ta aƙalla awa 1 zuwa 3, har gari ya waye in da hali. Idan ta fito cikin minti 10 na farko, a saka sabuwa. Idan bayan awa ɗaya ne, a bari sai gobe.

Ɗura ruwan magani

Nan ne mutane suka fi karaya, don haka a shirya wuri tukuna. A shimfiɗa leda, a ɗora tsohon zane a kai, domin mesalazine tana barin tabo mai ruwan ƙasa a tufafi da katifa da tayil, kuma ba ya fita da wanki. A ajiye tsumma kusa.

A fitar da kwalbar daga ledarta sai lokacin da za a yi amfani da ita, saboda iska da haske suna baƙanta maganin. Launinsa fari-fari ne ko ya ɗan yi duhu. Wanda ya koma ruwan ƙasa mai duhu sosai a zubar. A ɗumama kwalbar a hannu ko cikin ruwa mai ɗumi kaɗan har ta kai ɗumin jiki, musamman lokacin hunturu. Ruwa mai sanyi yana sa hanji ya murɗa ya tunkuɗo shi waje nan take. A girgiza sosai na kusan daƙiƙa 30, domin maganin kwanciya yake yi a gindi, wanda bai girgiza ba ruwa kawai ya ɗura. A cire murfin, a riƙe kwalbar ta wuyanta don kada ta tsiyaye. Ta Pentasa sai an murɗa bakinta hatimin ya karye.

Bayan an zaga kuma an yi tsarki, a kwanta a gefen hagu kamar yadda aka bayyana. Gefen hagu ba al'ada ba ce kawai: ta nan hanjin ya gangara, ruwa yana bin hanyarsa da kansa. A shafa wa bakin kwalbar man santsi, a shigar da shi yana fuskantar cibiya. Idan ya tokare, kada a danna. A ɗan ja baya, a saki numfashi, a sake gwadawa.

A matsa kwalbar a hankali, cikin minti ɗaya ko biyu. Gaggawa ita ce babbar mai kawo murɗa. Idan ciki ya murɗa a tsakiya, a dakata, a yi numfashi har ya lafa, a ci gaba. Idan an gama, a zare bakin kwalbar tana nan a matse, in aka sake ta tana ciki za ta zuƙo maganin ta mayar. Ɗan ragowar da ke gindin kwalba ba komai, an yi lissafinsa.

A zauna a gefen hagu aƙalla minti 30. Wasu suna ɗora ƙugu a kan matashi, wasu suna juyawa rub da ciki bayan haka, duka suna taimakawa. Daga nan sai barci, a bar maganin ya kwana.

A kwanakin farko ba kowa ke iya riƙewa ba. Dubura mai kumburi ba ta buɗewa ta karɓi ruwa, ko mililita 30 na iya gagarar ta. Wanda ya riƙe minti 20 kawai bai yi asara ba, fatar ta sha wani abu, kuma riƙon yana ƙaruwa yayin da kumburi ke sauka. Idan abin ya gagara sam, a yi magana da likita a fara da ƙwayar cusawa ko kumfa na mako ɗaya ko biyu, ko a ɗura rabin kwalba, sannan a koma cikakkiya. Kada a sha loperamide, maganin tsayar da gudawa, don a riƙe magani ba da izinin likita ba, a lokacin da ciwo ya tashi da ƙarfi tana iya sa hanji ya tsaya ya kumbura.

Kumfa

Gwangwani ne mai iska a matse, da bututun roba na sakawa, ɗaya ga kowane amfani. A sa bututun, a girgiza gwangwanin daƙiƙa 15 zuwa 20. A karon farko a cire abin kariyar da ke ƙarƙashin kan, a murɗa kan har gurbinsa ya daidaita da bakin. A tsaye ake yi: ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan kujera. A kifa gwangwanin kansa ƙasa sosai, yatsa a kan madannin. A shigar da bututun, a danna har ƙarshe, a saki a hankali. Kumfar tana fita ne lokacin saki, ba lokacin dannawa ba, kuma wanda ya zare da wuri a waje za ta zube. A jira daƙiƙa 10 zuwa 15 kafin a zare. Kumfar Salofalk giram 1 ce a kowace dannawa, ana yin biyu da dare, wanda ya kasa riƙe biyu ya raba su safe da dare. Gwangwanin yana kama wuta, a nisanta shi da murhu da rana, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Kumfa da ruwan ɗurawa na wasu kamfanoni suna ɗauke da sinadarin sulfite, wanda ke iya tayar wa mai asma da numfashi.

Zafin gari

Yawancin waɗannan magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Daga Maris zuwa Mayu, Kano da Sakkwato da Maraɗi suna haura 40. Ƙwayar Salofalk da kitse mai daskarewa aka yi ta, a ɗumin jiki take narkewa, to ɗaki mai rufin kwano ya ishe ta. Idan ta narke ta sake daskarewa a karkace, maganin ya taru gefe guda kuma sakawa ta yi wuya. A ajiye ta a ƙofar firji, ban da wurin ƙanƙara. Inda ba wuta, a sa kwalin cikin roba mai murfi da ruwa ba ya shiga, a ajiye a gindin randa cikin inuwa. Kada a bar ta a aljihun mota ko akwatin babur. Ta Pentasa busasshiya ce mai tauri, ta fi jure tafiya, sai dai dole a jiƙa ta sosai kafin a saka. Kumfa kuma ba ta son firji, idan ta yi sanyi ba ta tashi.

Sitiroyid ta ƙasa

Akwai budesonide miligiram 2 a kumfa ko ruwa, prednisolone miligiram 5 ta cusawa ko miligiram 20 ta ɗurawa, da hydrocortisone miligiram 100 cikin mililita 60. Mutane suna ɗauka sitiroyid ya fi ƙarfi, amma ta wannan hanya mesalazine ta fi shi. Ana komawa gare shi ne idan jiki ya ƙi mesalazine, ko a ƙara shi da safe idan ita kaɗai ba ta wadatar ba. Budesonide ta fi sauƙin illa saboda hanta tana lalata kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya shiga jini, sai dai magunguna irin su ketoconazole da clarithromycin da ritonavir na masu HIV suna hana hanta wannan aiki. Prednisolone da hydrocortisone suna shiga jini fiye da haka, suna iya ɗaga suga da hawan jini, kuma wanda ya daɗe a kansu ragewa ake yi a hankali. Mako 4 zuwa 8 ne iyakarsu. Ba a riƙe lafiya da sitiroyid.

Idan mako biyu sun wuce ba canji

Jini yakan fara raguwa cikin mako biyu, cikakken sauƙi kuma mako 4 zuwa 8. Kafin a ce magani ya gaza, a duba abubuwan nan. Ana sakawa kowane dare, ko sai ranar da aka ga jini? Nau'in yana kaiwa wurin ciwon, ko ciwon ya haura tun bayan leƙen ƙarshe? Ana shan maganin ciwon jiki daga kemis? An kamu da wata ƙwayar cuta a kan ciwon, musamman bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta?

Sai taurin bayan gida, wanda ke ruɗar mutane da yawa. Mai ciwon dubura zai zaga sau takwas yana fitar da jini da majina, alhali busasshen bayan gida ya taru a sama da wurin kumburin. Alamarsa kumburin ciki, yawan tusa, da ƙananan dunƙule masu tauri. Har sai an sassauta shi da magani irin macrogol da yawan shan ruwa, ciwon ba ya lafawa.

Akwai kuma waɗanda mesalazine kanta ke tayar musu da ciwo. Cikin kwanakin farko gudawa da jini su ƙaru, ga zazzaɓi, ciwon kai, ko ƙuraje. A dakatar, a koma wurin likita. Haka idan aka ji ciwon ƙirji, ko ciwo mai tsanani a saman cibiya da ke ratsawa baya, ko ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da tabon jini a fata ba dalili. Ba su da yawa, amma ba a jira da su. Idan duk an duba ciwon bai motsa ba, likita zai ƙara ƙwayoyin sha ko ya hau mataki na gaba. Ɗura saiƙo ko jiƙon sassaƙe ta dubura a kan fata mai gyambo ƙara ƙona ta yake yi.

Bayan jini ya tsaya

Tsayawar jini tana riga warkewar fata da makonni, don haka a cika kwanakin da aka rubuta. Bayan nan ba a yanke magani, ragewa ake yi: ƙwayar giram 1 sau uku a mako, misali Litinin da Laraba da Juma'a, ko ɗurawa sau biyu a mako. Wanda ya ga alamun dawowar ciwo yakan koma kowane dare bisa tsarin da suka yi da likitansa tun farko, shi ya sa yake da kyau a bar kwali ɗaya a ajiye, tunda ba kowane kemis ke da shi ba.

A maimaita gwajin ƙoda bayan wata 3, daga nan sau ɗaya a shekara, a kuma yawaita shan ruwa saboda tsakuwar ƙoda. Idan fitsari ya koma ja-ja a masan da aka wanke da bilic, haɗuwar maganin da bilic ce, ba jini ba ne. Mai juna biyu da mai shayarwa suna ci gaba da mesalazine da sanin likita, tashin ciwon ya fi maganin haɗari ga cikin. A watan azumi, malamai sun saɓa kan abin da aka saka ta dubura da rana, amma tunda da dare ake sakawa, sai a mayar da na safe zuwa kafin sahur.

Duk wannan na ciwo ne mai sauƙi ko matsakaici. Ma'aunin da Truelove da Witts suka kafa a 1955 har yanzu shi ake bi: bayan gida mai jini sau 6 ko fiye a rana, tare da zazzaɓi sama da digiri 37.8, ko bugun zuciya sama da 90 a minti, ko ƙarancin jini. Wanda ya kai nan, ko cikinsa ya kumbura yana ciwo idan an taɓa, ya ajiye kwalbar ɗurawa ya tafi asibiti a ranar, domin jinyarsa ta koma ta kwanciya da allurar jijiya.